Wa Ke Ciyar da Makaɗi? Tarihin Gwamnatin Nijar da Masu Fasaha, Daga Mararrabar Tsarnawa

Tsarnawa gari ne na mararraba. Wanda ya taso daga Birnin Ƙonni ya yi gabas bisa babbar hanyar da ta haɗa Yamai da Damagaram, kafin ya yi nisa zai iske inda kwalta ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe zuwa Malbaza da Galmi da Madawa har Maraɗi, ɗaya kuma ta karkata arewa ta ratsa ƙasar Adar zuwa Tawa da Agadas da Arlit. Mutanen wurin manoma ne, na gero da dawa da damina, na albasa da rani. Ta wannan mararraba ce manyan motoci suka shekara da shekaru suna gangarowa da yuraniyom daga Arlit zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Kuɗin wannan ma'adini shi ya gina gidajen al'adu na Nijar, shi ya ciyar da bukukuwan samari, kuma ranar da farashinsa ya faɗi, masu kiɗa da waƙa da wasan kwaikwayo na cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu. Tarihin wannan hannu na gwamnati, yadda ya buɗe da yadda ya dunƙule, shi ne abin da za mu bi.

Kafin gwamnati ta zo

Makaɗi a ƙasar Hausa bai taɓa zama marar ubangida ba. A fadar Sarkin Ƙonni da ta Sarkin Adar a Illela akwai masu tambari da masu kakaki da masu algaita, cinsu da shansu da suturarsu duk a wuyan sarki. A wajen fada kuma kowace sana'a da kiɗanta: manoma da gangar noma, mahauta da kalangu, 'yan bori da goge da garaya, mata da zabiyoyinsu a gidan biki. A Masalata, kusa da Ƙonni, inda Azna ke riƙe da al'adun kakanni, kiɗa wani ɓangare ne na hidimar shekara, ba a raba shi da ita.

Ladan makaɗi kuwa a fili yake, kowa na gani. Ranar gayya, yana bayan manoma da gangarsa yana kiran sunan jarumi da na ubansa da na kakansa, har ƙura ta tashi, kuyya ta ƙare. Da kaka ta yi, sai ya ɗaura wa jakinsa mangala ya bi gida gida, wannan ya ba shi dami, wancan ya ba shi biyu, mai hali ya ƙara da akuya. A gidan biki a liƙa masa kuɗi a goshi, maroƙi ya ɗaga ya shelanta wa jama'a wanda ya bayar da abin da ya bayar. Wannan tsari ya raya fasaha ɗaruruwan shekaru, amma yana da nasa ciwon. Mawaƙi ba ya iya saɓa wa mai ba shi, in ubangida ya faɗi shi ma ya faɗi, kuma jama'ar da ke rawa da kiɗansa ita ce ke ƙin ba ɗansa aure.

Faransawa sun shigo yankin da wuta. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta kashe mutane masu yawa. Da mulkinsu ya kafu, sai suka rage ƙarfin sarakuna, suka mayar da su masu karɓar haraji, taskar fada ta ragu. Makaɗa dai ana kiransu su cika fili ranar bikin Faransa ko ranar da babban Bature ya zo rangadi, a sallame su bayan taro.

Zamanin Diori: gidan tarihi, rediyo da silima

Nijar ta zama jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, ta karɓi mulkin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Sabbin ƙasashen Afirka na wancan lokaci duk sun ɗauki al'ada a matsayin aikin gwamnati. Seku Ture ya kafa ƙungiyoyin kiɗa da rawa na ƙasa a Gini, Mali ta fara makon samari, Senghor ya tara masu fasaha baƙar fata na duniya a Dakar a 1966. Nijar ta Shugaba Diori Hamani ta bi sahu daidai ƙarfinta, kuma mutumin da ya fi kowa tsayawa kan wannan aiki shi ne Bubu Hama, shugaban majalisar dokoki, marubuci mai kishin tarihin baka.

A 1959 aka buɗe gidan tarihi na ƙasa a Yamai, wanda yau ke ɗauke da sunansa. Abin da ya bambanta wannan gida shi ne an ba masu sana'ar hannu rumfuna a cikinsa: maƙeran azurfa, dukawa, masaƙa, suna aiki a gaban baƙi suna sayarwa. A 1968 aka kafa cibiyar tattara tarihin baka da taimakon UNESCO, wadda daga baya ta koma ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka da sunan CELHTO. Gidan rediyo ya riƙa aika ma'aikata da na'urar ɗaukar murya zuwa karkara, har makaɗin da bai taɓa wuce kasuwar Ƙonni ba ya wayi gari ana jin muryarsa a Gaya da Difa. An kuma riƙa yin makon samari a Yamai, inda jihohi ke gwada rawa da waƙa da wasanni.

A fagen silima Nijar ta yi fice tun da wuri. Mustafa Alasan ya fito da fim ɗinsa Aouré a 1962, ya kuma zama cikin na farko a Afirka da suka yi fim ɗin zane mai motsi. Umaru Ganda ya kai Cabascabo bikin Cannes a 1969, sannan a 1972 fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar bikin finafinai na FESPACO a Wagadugu, shekarar farko da aka ba da ita. Amma wanda ya duba inda na'urori da kuɗin aikin suka fito zai ga yawancinsu daga Faransa ne, ta hannun ma'aikatarta ta haɗin gwiwa da cibiyar al'adun Faransa da Nijar da aka kafa a Yamai a 1963. Ƙasa ta samu suna, amma makullin ɗakin yana aljihun wani. Ga kuma siyasa: tun 1959 aka haramta jam'iyyar Sawaba, jam'iyya ɗaya ta rage, mawaƙin da ke son a ji shi a rediyo ya san wanda zai yaba.

Zamanin Kunce: samariya da kuɗin yuraniyom

Ranar 15 ga Afrilu 1974, bayan fari da yunwar da suka ragargaza ƙasa, soja suka kifar da Diori, Seyni Kunce ya hau. Ya rushe jam'iyya, sai ya nemi wata igiya da zai riƙe talakawa da ita. Ya same ta a cikin tsohuwar al'adar Hausa ta samariya, wato ƙungiyar samarin gari ƙarƙashin sarkin samari, wadda dama ita ke shirya gayya da wasan dandali. Gwamnati ta ɗauke ta ta shimfiɗa a ƙasa baki ɗaya, kowane ƙauye da kowace unguwa da tata.

Lokacin ya zo daidai da buɗin arziki. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙo yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978, farashi ya hau a kasuwar duniya, har a 1981 abin da ake haƙowa ya haura tan 4,000. A waɗannan shekaru aka shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, aka buɗe talabijin ta ƙasa, aka gina manyan gine-ginen Yamai.

Abu biyu aka kafa da suka shafi masu fasaha kai tsaye. Na farko gasar kokowa ta ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya zama zakaran farko. Na biyu bikin samari na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, ana yinsa cikin Afrilu don ya dace da ranar hawan soja, yana zagaya manyan biranen jihohi. Birnin da zai karɓi baƙi sai a gyara masa fili da gidan samari da al'adu. Waɗannan gidaje suna nan har yau da sunayen mutanen fasaha: na Tawa Albarka Cibau, na Maraɗi Bawa Ɗan Wardanga, na Yamai Jado Seku.

Ƙarfin bikin yana cikin matakalarsa. Ba a Yamai ake zaɓen waɗanda za su wakilci jiha ba. Ana farawa daga ƙauye, a je gunduma irin Ƙonni ko Illela, wanda ya ci ya tafi Tawa, daga nan a tace ƙungiyar da za ta tafi gasar ƙasa. Saboda haka watanni kafin biki, dandalin ƙauye ba ya barci. Bayan sallar isha'i a rataya fitila, malamin makaranta ya tsara wasan, tsohon makaɗi ya ba da kari, 'yan mata su jeru da zanen anko da masu hali na gari suka haɗa kuɗinsa, sarkin samari yana tsaye yana tsawata wa mai makara. Ranar tafiya mota ta zo ta kwashe su da ganguna da tabarmi. Yarinyar da iyakarta rijiya da kasuwa sai ga ta a gaban shugaban ƙasa tana ba da waƙa, gobe a sa a rediyo uwarta ta ji. Ba a taɓa yin lokacin da kuɗin gwamnati ya gangaro kusa da talaka mai fasaha kamar wannan ba.

Amma kyautar tana da sharaɗi. Jigon waƙa da wasa daga sama yake zuwa: haɗin kan ƙasa, dashen itatuwa, yaƙi da cin hanci, hana samari gudu zuwa birni da ƙasashen waje. Ana iya kwaikwayon ma'aikaci maciyin amana ko ɗan kasuwa mai ɓoye hatsi a yi dariya, domin Kunce kansa yana farautarsu, amma ba a ɗaga ido sama da haka. Duk da wannan ƙunci, wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa. Ƙungiyar Yazi Dogo da ta gidan rediyon Damagaram sun shiga kowane gida, suka nuna cewa harshen talaka ya isa ɗaukar kowace magana ta ƙasa. Da Umaru Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, aka sa sunansa a babbar cibiyar al'adu ta Yamai.

Abin da Yama ta gina da hannunta

A daidai shekarun nan, a ƙauyen Yama cikin ƙasar Illela, ana wani aiki da bai jira kasafin kuɗin kowa ba. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga magininsu, Falke Barmu. Kowane gida ya kawo abin da yake iyawa: masu kwaɓa ƙasa, masu buga tubali, mata masu ɗebo ruwa, masu saro itace, masu kawo hatsi don ciyar da ma'aikata. A 1975 aka koma aka sake rufin da bakan gizo da ƙubba, daga 1978 zuwa 1982 kuma maginin ya tayar da hasumiyoyi huɗu a kusurwoyi huɗu, kowace da siffarta, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine, ɗaya daga manyan kyaututtukan duniya a wannan fage.

Mafi girman lambar yabo da fasahar wannan yanki ta taɓa samu, gayya ce ta jawo ta. Wannan ba hujja ba ce ta cewa gwamnati ta naɗe hannu. Abin da yake nunawa shi ne gwaninta da niyyar ɗaukar nauyinta suna nan a ƙauye tun asali, aikin hukuma shi ne ta same su inda suke ta ƙara musu ƙarfi.

Da rijiya ta ƙafe

Daga farkon shekarun 1980 farashin yuraniyom ya karye. Bashi ya taru, a 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Lamuni na Duniya, aka fara tsuke bakin aljihu, sai ga farin 1984. Kunce ya rasu ranar 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya gaje shi. Duk da ƙuncin, an yi abubuwa biyu masu amfani a wannan tsakani. An kafa gasar Ɗan Gurmu ta kiɗan zamani, da sunan shahararren mawaƙin Tawa, wadda ta fito da matasa da yawa da suka koyi ɗora kiɗan gargajiya bisa jita da ganguna na zamani. A 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai, da kuɗin Tarayyar Turai ta wancan lokaci. A can aka tara kayan kiɗan gargajiya, a can irin su Malam Mamman Barka suka yi aiki, shi da daga baya ya je bakin tafkin Cadi da tallafin UNESCO ya koyi kayan kiɗan da ake kira biram wajen tsohon da ya rage yana kaɗa shi.

Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da 'yancin magana, amma ya kawo ƙarshen samariya a matsayin ginshiƙin hukuma, domin ana ganinta kayan aikin mulkin soja. Aka zubar da ita tare da matakalar da take ɗauke da ita, ba a kafa wata a madadinta ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Ma'aikata suka riƙa bin bashin albashi na watanni, gidajen samari suka koma wuraren haya na biki da taron siyasa, gidajen silima suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mustafa Alasan ya zauna a Tawa yana riƙe da masaukin baƙi, yana ci gaba da zane-zanensa da ɗan abin da ya samu, har ya rasu a 2015.

Mawaƙa suka koma neman ubangida, wannan karo ɗan siyasa da ɗan kasuwa da ƙungiyoyin agaji masu son waƙar rigakafi ko ta tsafta. Giɓin da ya rage kuwa Kano ta cike shi. Daga 1990 finafinan Hausa na bidiyo suka fara fitowa can da kuɗin 'yan kasuwa, kaset ya riƙa ƙetarowa ta Illelar Najeriya zuwa Ƙonni, daga nan ya watsu. Ƙasar da ta ci kyautar FESPACO ta farko ta zama mai sayen kallo. A 1995 aka kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha, BNDA, amma tsakanin ofis a Yamai da mai gurmi a ƙauyen Malbaza akwai tafiya mai nisa.

Abu ɗaya ne bai mutu ba, shi ne kokowa. Tun 1989 ake kiran gasar da sunan takobin da ake ba zakara, kuma ko da an tsallake wasu shekaru, ana komowa. A Disamban 2023 aka yi karo na 44 a Agadas. Kowace jiha tana kawo 'yan kokowa goma, a bayansu makaɗa da masu kirari da 'yan cali-cali masu ba da dariya, ƙasa duka ta kasa kunne ga rediyo. Ta rayu ne saboda tana da lokaci sananne, tana zagayawa, kuma saiwarta tana cikin kokowar kaka da ake yi a kowane dandali ko gwamnati ta zo ko ba ta zo ba.

Komowar bukukuwa

A Disamban 2005 Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, aka sake tunawa da masu fasaha. Daga 2006 gwamnatin Tanja Mamadu ta mayar da bikin 18 ga Disamba mai zagayawa, aka fara da Damagaram, Tawa ta karɓa a 2007. A 2008 aka kafa cibiyar silima ta ƙasa, a 2009 aka yi dokar da ta shata manufar ƙasa kan al'adu. Shugaba Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji a ƙasar Illela, ya farfaɗo da bikin da sunaye na gida: Doso Soga a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas Sokni a 2016, Tawa Sakola a 2017, Damagaram Sabuwa a 2018. A 2016 ya kafa ma'aikata mai sunan farfaɗo da al'adu. UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin kayan tarihin duniya a 2013, ta karɓi wasan taubasantaka na Nijar a 2014. A Dandaji kanta, a 2018, aka mayar da tsohon masallacin da Falke Barmu ya gina ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa, bisa zanen Mariam Kamara da Yasaman Esmaili, da hannun maginan yankin.

An kashe biliyoyin sefa a waɗannan bukukuwa, kuma birane sun amfana da kwalta da fitilu da gine-gine. Sai dai kaso mafi tsoka na siminti ne da 'yan kwangila. Mai fasaha ana kiransa mako ɗaya, a ba shi ladansa, sai kuma wata shekara a wani birni. Matakalar da ke farawa daga ƙauye ba ta komo da ƙarfinta na da ba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomi sun raba gari da Faransa. A 2024 aka cire sunan Bafaranshe Jean Rouch daga tsohuwar cibiyar al'adun Faransa da Nijar aka sa na Mustafa Alasan, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa. Wannan karramawa ce da ta dace, amma tana tafe da nauyi: kuɗin da baƙi ke sawa a ɗakunan karatu da dandamalin wasa, yanzu daga baitulmalin Nijar ya kamata ya fito.

Abin da tarihin ya koyar

Shekara sittin da ɗoriya sun nuna abu guda sau da sau. Duk tallafin da aka rataya a wuyan shugaba ɗaya, ko farashin ma'adini ɗaya, ko alherin wata ƙasa, yana tafiya ranar da abin da aka rataya shi ya tafi. Wanda ya daɗe shi ne mai lokaci tsayayye da saiwa a ƙauye.

A 2004 aka fara zaɓen majalisun ƙananan hukumomi a Nijar, Tsarnawa na cikinsu, a 2011 kuma Malbaza ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ga matakala nan a shirye. Abin da ya rage shi ne doka ta ware wa al'adu kaso sananne a kasafin ƙasa, wani ɓangare nasa ya sauka ga ƙananan hukumomi kowace shekara, a shirya gasa daga dandali zuwa gunduma zuwa jiha ba tare da an gaya wa mawaƙi abin da zai faɗa ba. Ofishin haƙƙin masu fasaha ya bi kasuwannin Ƙonni da Galmi da Badagishiri ya rubuta sunayen makaɗa, gidajen rediyo su biya abin da suke sawa. A ɗauki muryoyin tsofaffin masu tambari da zabiyoyi tun suna raye, a ba maginan ƙasa aikin makarantu da ɗakunan karatu domin yara su ga sana'ar tana ciyar da mai ita. Manomin albasa na Tsarnawa yana biyan haraji, kuma bai daina ba makaɗi daminsa ba. Haƙƙinsa ne hukumar da ke karɓar kuɗinsa ta sauke nata rabon.